Tsallaka Hamadar Simpson da mota

Tsallaka Hamadar Simpson da mota tafiya ce ta kwana uku zuwa huɗu da masu motocin shiga jeji ke yi a tsakiyar ƙasar Ostareliya, galibi tsakanin Mount Dare da ke yamma da garin Birdsville da ke gabas. Tazarar ta kai kimanin kilomita 500, kuma babu gidan mai, babu kanti, babu sabis na wayar salula a tsakani. Saboda haka ba a shiga hamadar sai an yi wa mota gyara na musamman, kuma babban ɓangare na gyaran shi ne ɗaura mata na'urorin sadarwa.

Hamadar da hanyoyinta

Hamadar ta ratsa jihohin Kudancin Ostareliya da Queensland da kuma Yankin Arewa, waɗanda iyakokinsu suka haɗu a wani wuri da ake kira Poeppel Corner. Ƙasa ce ta al'ummar Wangkangurru da maƙwabtansu, kuma a harshensu ana ce mata Munga-Thirri, wato ƙasar manyan tuddan rairayi. Sunan Simpson kuwa Cecil Madigan ne ya raɗa mata a 1929. Reg Sprigg da iyalinsa ne suka fara ƙetare ta da mota a 1962, cikin Nissan Patrol. Hanyar da aka fi bi a yau, French Line, wani kamfanin Faransa mai binciken man fetur ne ya share ta a farkon shekarun 1960.

Tuddan rairayin sun haura 1,100, a jere suke kamar kunyoyin gona, sun miƙe daga arewa maso yamma zuwa kudu maso gabas. Mai bin French Line dole ya hau kowannensu ya sauka. Gefen gabas na tuddan ya fi tsayuwa, shi ya sa tafiya daga yamma zuwa gabas ta fi sauƙi. Mafi shahara a cikinsu shi ne Nappanerica, wanda ake wa laƙabi da Big Red, kusa da Birdsville.

Na'urorin sadarwa

Hanyar ba ta ɗaukar mota biyu a jere, kuma direban da ya taso da ƙarfi zai hau tudu ba ya ganin abin da ke tahowa ta bayan tudun. Haɗarin da aka fi tsoro a nan shi ne karo gaba da gaba a ƙololuwa. Maganinsa na farko shi ne rediyon UHF, irin wanda Hausawa ke kira oba-oba, sunan da ya samo asali daga kalmar da mai magana ke furtawa idan ya gama zancensa ya ba ɗan'uwansa dama. A Ostareliya wannan rediyo yana aiki a kan mita 477 MHz, yana da tashoshi 80, ƙarfinsa bai wuce wat 5 ba, kuma ba a biyan kuɗin lasisi kafin a yi amfani da shi. A cikin hamadar kowa yana barin nasa a tasha ta 10. Direba kan faɗi inda ya nufa da adadin motocin da ke ayarinsa, sannan ya saurara ko wani zai amsa. Tashoshi na 5 da na 35 an keɓe su don neman agajin gaggawa kawai.

Yawanci ana ɗaura eriyar a kan ƙarfen da ke kare gaban mota, a sa mata gindi mai sifirin don kada gargadar hanya ta karya ta. Mutane da yawa kan ɗauka cewa doguwar eriya ita ce mafi kyau a ko'ina, amma ba haka abin yake ba. Doguwa tana tura saƙo nesa ne a miƙe, don haka ta dace da shimfiɗaɗɗen fili. Idan mota ta karkata a jikin tudu sai saƙon ya tafi sama ko ya nutse cikin rairayi. Gajeriya ba ta cin nisa sosai, amma tana baza saƙon ta kowane ɓangare, kuma ita ta fi amfani a tsakanin tuddai. Wasu kan tafi da duka biyun su riƙa sauyawa.

Rediyon UHF ba ya wuce 'yan kilomitoci, musamman idan mota tana cikin kwari tsakanin tuddai biyu. Ba da shi ake kiran asibiti ko 'yan sanda ba. Don wannan aikin akwai rediyon HF mai dogon zango, wanda saƙonsa ke dukan saman sararin samaniya ya dawo ƙasa a nisan ɗaruruwa ko dubban kilomitoci. Tarihinsa a ƙauyukan Ostareliya ya koma 1929, lokacin da aka fara amfani da rediyon da Alfred Traeger ya ƙera, wanda ake samar masa da lantarki ta hanyar murza feda da ƙafa, don kiran likitocin da ke zuwa da jirgin sama. A yau matafiya kan yi rajista da cibiyar VKS-737, wadda ke da lokutan da take sauraron mambobinta kowace rana su faɗi inda suke. Rediyon HF yana da tsada, yana cin wuri, kuma yana jan wuta, abin da ya sa ake ƙara wa mota batir na biyu, a raba shi da na tayar da inji.

Wayar tauraron ɗan'adam, kamar ta Iridium, ta rage wa HF kasuwa, domin da ita ana kiran kowace lamba kai tsaye. Sai dai mutum ɗaya take kira, alhali rediyo kowa da ke kan tashar yana ji, har da motar da ƙila ke tudu na biyar daga inda aka maƙale.

Na'ura ta ƙarshe ita ce 'yar ƙaramar fitilar neman ceto da ake kira PLB. Ba a magana da ita. Idan aka kunna ta sai ta aika alama a kan mita 406 MHz zuwa taurarin tsarin Cospas-Sarsat, daga nan zuwa hukumar AMSA da ke kula da ayyukan ceto a ƙasar. A watan Nuwamba na 2021 ruwan sama ya maƙalar da motar wasu iyali mutum huɗu a cikin taɓo a yankin hamadar. Wannan na'ura suka kunna, aka jefo musu ruwa da wayar tauraron ɗan'adam daga jirgi, bayan 'yan kwanaki kuma jirgi mai saukar ungulu ya kwashe su.

Akwai kuma tuta, wadda ita ma hanyar sanarwa ce ko da ba ta amfani da lantarki. Tun 2014 hukumar gandun daji ta Kudancin Ostareliya ta wajabta wa kowace mota ɗaura tuta mai ƙyalli a kan doguwar sanda. Idan a gaban mota aka kafa ta, dole tsayinta ya kai mita 3.5 daga ƙasa, don a hango ta kafin motar ta ɓullo.

Shirin tafiya

Ana rufe gandun dajin da ke ɓangaren Kudancin Ostareliya daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris kowace shekara saboda zafi, domin lokacin ne bazarar ƙasar. Masu shiga suna sayen takardar izini mai suna Desert Parks Pass. Ana kuma bincika halin da rafin Eyre Creek yake ciki kafin a tashi, don idan ya kawo ruwa yakan datse hanyar ta gabas.

Mota tana shan mai a rairayi fiye da yadda take sha a kwalta, saboda haka ana ƙara mata tanki ko a ɗauki jarkoki, tare da ruwa da abincin da zai wuce kwanakin da aka ƙiyasta. Ana sassauta iskar tayoyi sosai don su baje a kan rairayi, a tafi da famfon mayar da ita, da shebur, da igiyar ja. Hukumomi ba sa ƙarfafa jan tirela, domin tana farfasa jikin tuddai.

Ayari kan naɗa motar gaba da motar baya, su biyun suna magana ta rediyo don a tabbatar ba a bar kowa ba. Kafin tashi ana barin bayanin hanyar da za a bi da ranar isowa a hannun wani amintacce a gida, wanda zai sanar da 'yan sanda idan ranar ta wuce bai ji labari ba. Idan mota ta lalace, umarnin masu aikin ceto shi ne kada kowa ya bar wurinta ya kama tafiya a ƙafa, domin daga sama an fi saurin hango mota fiye da mutum.