Fayilolin Saiti da Matsayin Hausa a Shafukan Intanet

1.0 Gabatarwa

A wani shagon intanet da ke Sabon Tasha, wani ɗalibina ya taɓa nuna mini shafin da rabin umarninsa Hausa ne, rabi kuma Turanci, ya tambaye ni dalili. Manufar wannan maƙala ita ce amsa wannan tambaya, ta hanyar nazarin yadda manhajar MediaWiki, wadda Wikipedia ke gudana a kanta, take karanta fayilolin saitinta.

2.0 Matakan Karanta Saiti

Fayil ɗin saiti shi ne inda ake rubuta wa manhaja ƙa'idojin aikinta, kamar sunan shafi da harshensa. MediaWiki takan fara ne da saitin asali, wanda harshensa Turanci ne. Daga nan sai ta karanta fayil ɗin LocalSettings.php, inda mai shafi ke rubuta zaɓinsa, kuma abin da ya rubuta yakan danne na asali. Idan ya sa lambar ha, wato Hausa, sai manhajar ta nemo fayil ɗin ha.json mai ɗauke da kalmomin umarni irin su "nema" da "gyara". Harshen Tyap na kudancin Kaduna, wanda ya sami tasa Wikipedia a 2022, lambarsa kcg ce.

3.0 Inda Gizo Ke Saƙar

Duk saƙon da ba a fassara ba a cikin ha.json, manhajar ba ta barin gurbinsa fayau, sai ta ɗauko na Turanci ta cike. Wannan ne asalin gaurayen da ɗalibin ya gani. Haka kuma, haruffan ɓ da ɗ da ƙ kowannensu ma'auni biyu yake ci a tsarin UTF-8. Idan aka karanta fayil da wani tsari daban, sai su rikiɗe su zama tarkace. Masu guje wa haka sukan yar da ƙugiyar, sai ƙasa ta koma kasa, ɗaki ya koma daki.

4.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa giɓin ba na na'ura ba ne, na fassara ne. Ana cike waɗannan fayiloli a dandalin translatewiki.net, kuma ƙofarsa a buɗe take ga masu sa kai. Ya kamata sassan nazarin harsunan Nijeriya su sa ɗalibansu wannan aiki, domin in ba mu zaɓi kalmomin da kanmu ba, manhaja za ta zaɓa mana.