Kowane Ruwa da Irin Jirginsa

Ruwan famfon da mutanen Gombe ke sha daga madatsar Dadin Kowa yake fitowa, haka nan da yawa daga kifin da ake sayarwa a kasuwannin birnin. Madatsar tana ƙaramar hukumar Yamaltu-Deba, kimanin kilomita 37 gabas da Gombe, an kuwa gama gininta a kan kogin Gongola cikin 1984. Tun daga lokacin, inda a da ake fito daga gaɓa zuwa gaɓa ya zama tafki mai faɗin gaske, wanda iska ke tayar wa igiyar ruwa. To, jirgin da ya isa aikin kogi ba lalle ne ya isa aikin tafki ba.

Sassaƙar jirgi tsohuwar sana'a ce a ƙasar nan. Cikin 1987 aka gano kwale-kwalen Dufuna a ƙasar Fune, wadda yanzu ke jihar Yobe. Tsawonsa ya ɗara mita 8, masana kuma sun ƙiyasta shekarunsa kusan 8,000. Daga itacen dangin maɗaci aka sassaƙa shi, watau itace mai ƙarfi da ke jure wa ruwa. Irin wannan jirgi na gungume ɗaya, siriri, marar zurfi, shi ne gwanin bakin gaɓa da fadama, domin yana ratsa ciyawa, ana kuma tura shi da gora. Amma da an kai shi tsakiya, inda gora ba ta taɓa ƙasa, igiya ɗaya ta isa ta cika shi.

Tsofaffin alhazan da suka tafi Makka a ƙasa sun san wannan bambanci. Bayan sun ƙetare kogunan Chadi da Sudan a ƙananan jirage, in sun isa Sawakin sai su shiga jirgin katako mai tafiya da iska, su haye Bahar Maliya zuwa Jidda. Jirgin nan yana da ƙashin baya da ke nutsewa cikin ruwa, da haƙarƙari masu kauri, da gefe mai tsawo. Ƙashin bayan ne ke riƙe shi a kan hanya sa'ad da iska ta bugo shi daga gefe. Har yau maƙeran jiragen teku a Turai bisa wannan ƙa'ida suke aiki: jirgin yawon bakin teku a yi shi marar nauyi, na tsakiyar teku kuwa a ba shi nauyi a ƙasa da jiki mai ƙwari.

Saboda haka duk mai niyyar sayen jirgi, ya fara sanin ruwan da zai shiga. In na tsakiyar tafki ne, ya nemi mai faɗin ciki da gaba mai tudu. Ya duba mahaɗar katako, ya ƙwanƙwasa gindin ko ya fara ruɓewa, ya kuma lura da ƙusoshi, gama tsatsa takan ɓuya a ƙarƙashin sabon fenti. In an gama lodi, gefen jirgi ya rage sosai a bisa ruwa. Ya zama akwai rigar kariya ga kowane fasinja, da abin kwarfar ruwa.

Sakaci da waɗannan abubuwa ya ci rayuka. A watan Mayu na 2021 jirgi ya nutse da mutane masu yawa kusa da Wara a jihar Kebbi. A watan Nuwamba na shekarar kuma, wani da aka cika wa lodi ya kife a madatsar Watari ta Bagwai a jihar Kano, mutum fiye da 20 suka rasu, har da ɗalibai.

Hukumar NIWA mai hedkwata a Lakwaja ita ke kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, amma tun kafin jami'i ya iso, masassaƙi da sarkin jirgi da mai fito su ke ganin jirgin kullum. Alhakin farko a wuyansu yake. Allah ya kiyaye.