Ranar Karɓar Takardar Shaida a San Hose: Ƴan Mishan da Harshen Sifaniyanci

A San Hose, babban birnin ƙasar Kosta Rika da ke Amurka ta Tsakiya, akwai wata lakwal wadda galibin ɗalibanta manya ne masu iyali. Cikinsu akwai fastoci, da likitoci, da malaman makaranta, waɗanda majami'unsu suka zaɓa domin aikin mishan a ƙasashen Latin Amurka. Sunanta Instituto de Lengua Española, watau Cibiyar Harshen Sifaniyanci. An kafa ta a ƙasar Kolombiya a 1942, aka dawo da ita Kosta Rika a 1950.

Karatun cikakkiyar shekara guda ne, an raba shi zango 3. Mutumin da ya saba tsayawa gaban jama'a yana wa'azi da Ingilishi, sai ga shi bisa benci yana maimaita sunayen kayan miya. Da safe nahawu da gyaran lafazi, da rana kuma a tura shi cikin unguwa ya nemi abokin hira. A ƙarshen shekara a yi biki, a ba shi takardar shaida, ya ɗaure kayansa ya nufi inda aka tura shi.

To, mene ne wannan takarda take shaidawa? Tana shaida cewa ya wuce manyan ramukan harshen. A Sifaniyanci kalmomi 2 ne suke ɗaukar ma'anar kasancewa, “ser” da “estar”: ta farko ga halin abu na asali, ta biyu ga yanayin da yake ciki. In ka musanya su, maimakon ka ce mutum ya gundura, sai ka ce shi ne mai gundurar da jama'a. Haka kuma “pecado” zunubi ne, “pescado” kuwa kifi. Harafi ɗaya ne tsakaninsu, kamar yadda lanƙwasa ɗaya ta raba “ƙasa” da “kasa” a Hausa. Mai wa'azin da ya yi sakaci yana iya gargaɗin jama'a su rabu da kifinsu.

Amma akwai abin da takardar ba ta iya shaidawa. Littafi Mai Tsarki da Furotesta masu jin Sifaniyanci suka fi riƙo da shi, fassarar Casiodoro de Reina ce ta 1569, wadda Cipriano de Valera ya gyara a 1602, aka sāke duba ta a 1960. A cikinta ana kiran jama'a da “vosotros”, watau “ku”, alhali a Latin Amurka ba a faɗin haka cikin hira, sai dai “ustedes”. A Kosta Rika ma, “usted” ta girmamawa har yaro ƙarami ana ce masa ita, abin da zai ba mutumin Madrid mamaki. Saboda haka ɗalibi yana fita da harshen littafi, na kasuwa da na zaman makoki kuwa sai ya zauna cikin mutane.

Wani limamin Katolika mai suna Ivan Illich ya daɗe da lura da wannan. A 1961, shekarar da fadar Fafaroma ta roƙi ƙungiyoyin limamai da sistoci na Amurka su aika kashi 10 cikin 100 na mutanensu zuwa Latin Amurka, ya buɗe cibiyar horon ƴan mishan a Kwarnabaka, ƙasar Meksiko. Ra'ayinsa shi ne, wanda bai san inda masu harshe suke yin shiru ba, bai san harshensu ba tukuna, kuma baƙon da ya zo da baki ba tare da kunne ba yana iya ɓarna fiye da gyara. Wannan tsauri ya jawo masa saɓani da shugabannin majami'arsa, cibiyar kuma ta rufe a 1976.

Bayan haka, Sifaniyanci kaɗai ba ya isar da mutum ko'ina. A duwatsun Bolibiya da Peru miliyoyin mutane da Kecuwa ko Aimara suke magana a gida, a Paragwai kuma da Gwarani. Shi ya sa cibiyar da ƙungiyar Maryknoll ta buɗe a Kocabamba, ƙasar Bolibiya, a 1965, ta haɗa koyar da Sifaniyanci da Kecuwa da Aimara. Wanda aka tura ƙauyukan Andes, ranar da ya gama lakwal ta farko ita ce jajibirin shigarsa ta biyu.

Mu a Nijar wannan ba baƙon labari ba ne. Ƴan mishan na SIM sun sauka Damagaram a 1924, sun buɗe asibitin Galmi a 1950, kuma da Hausa suka yi ta tambayar majinyata inda ke musu ciwo, ba da Faransanci ba. Wannan ƙungiya ce ta haɗe da wata mishan mai aiki a Bolibiya a 1982.

Hausawa na cewa baƙo makaho ne ko da yana da ido. Lakwal ta ba shi sanda. Sanin hanya kuwa yana hannun tsohuwar da za ta gyara masa gaisuwa a ƙofar gidanta, in ya yi haƙurin tsayawa ya saurara.