Sabon Allon Kwamfuta Na Dishi-dishi? Duba Kafin Ka Mayar

A Haɗeja da ƙauyukan fadama, wasu iyaye sai sun sayar da buhunan shinkafa kafin su saya wa 'ya'yansu kwamfuta don shirin jarrabawar JAMB. Ranar da aka kunna sabon allo aka ga rubutu dishi-dishi, hankali kan tashi, balle idan daga Kano aka sayo shi.

Sau da yawa allon lafiyarsa ƙalau. Fara duba waya: VGA mai shuɗin kai, idan ba ta zauna daram ba, hoto kan rine ya koma ja-ja ko ruwan ɗorawa. HDMI ta fi fitar da hoto tangaran. Sai saitin Windows: allon da aka ƙera a kan 1920 x 1080, in aka bar shi a 1024 x 768, haruffa za su baje. Idan hoton na rawa duk sanda aka tayar da janareto, wutar ce ba ta daidaita ba.

Amma baƙin ɗigon da ya ƙi gushewa daga farin shafi, bayan ka goge ƙurar hunturu da tsumma mai laushi, da shi allon ya zo. Ɗauki rasit ka mayar da wuri. Nan gaba kuma, a gwada maka a shago kafin ka biya.