Dogayen Benaye na Bayan Garin Paris: Yadda Aka Gina Gidaje Kafin A Gina Gari

Gabatarwa

Wanda ya sauka a filin jirgin sama na Roissy ya shiga jirgin ƙasa zuwa tsakiyar Paris, abin da idonsa zai fara gani shi ne dogayen benaye na kankare, wasu a tsaye kamar hasumiya, wasu a kwance kamar bango, jere bayan jere. Da zarar jirgin ya shiga cikin birnin sai benayen su ɓace, a tarar da gine-ginen dutse masu hawa shida ko bakwai. Wannan takarda za ta yi bayanin yadda aka yi tsayin ya koma bayan gari, da dalilin da ya sa wasu daga cikin unguwannin suka lalace alhali wasu sun zauna da gindinsu.

Ya kamata a fara da kalmar kanta. Faransawa suna ce wa wannan yanki banlieue, kuma asalin ma'anarta ita ce ƙasar da ke kewaye da ganuwa wadda dokar birnin take kaiwa gare ta. Abin da ya fi kusa da ita a Hausa shi ne bambancin birni da waje, kamar yadda ake da Birni da Zango a Damagaram. Sai dai a Paris wajen ya haɗiye birnin: birnin kansa murabba'in kilomita 105 ne, da mutane kamar miliyan 2.1, yayin da jihar Île-de-France baki ɗaya take da mutane sama da miliyan 12. Ke nan cikin kowane mutum shida, biyar a waje suke kwana.

Matsalar muhalli bayan yaƙi

Ba a fahimtar waɗannan benaye sai an san halin da aka fito daga ciki. Tun daga 1914 gwamnati ta danne kuɗin haya, don haka masu kuɗi suka daina gina gidajen haya, suka kuma daina gyara waɗanda ke akwai. Yaƙin Duniya na Biyu ya rusa wasu. Bayan yaƙin haihuwa ta ƙaru, mutanen karkara suka kwararo birni, masana'antu kuma suka ɗauko ma'aikata daga Aljeriya da Maroko da Fotugal. Ƙidayar 1954 ta nuna cewa fiye da kashi 40 cikin 100 na gidajen Faransa ba su da ruwan famfo, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ke da makewayi a cikin gida, kuma kamar gida ɗaya cikin goma ne ke da wurin wanka. A Nanterre ƴan Aljeriya suna kwana cikin bukkokin kwano da katako, a Champigny kuma ƴan Fotugal.

A lokacin sanyin 1954 mutane suka riƙa mutuwa a kan titi. Ranar 1 ga Fabrairu wani limamin Kirista da ake kira Abbé Pierre ya yi kira ta gidan rediyo, kiran da ya girgiza ƙasar. Gwamnati ta riga ta fara motsi tun 1953, lokacin da ta wajabta wa kamfanoni su ware kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da suke biya domin gina gidaje, amma daga wannan sanyi ne aikin ya zama na gaggawa. Ƙasar da ba ta kammala gidaje 100,000 a shekara a farkon shekarun 1950 ta kai ga gina sama da 500,000 a shekara a farkon shekarun 1970.

Me ya sa aka yi sama, kuma aka yi nesa?

Amsar farko ita ce farashin fili. Gonakin da ke nesa da tashar jirgin ƙasa su ne masu araha, kuma a can ne ake samun kadada ɗaruruwa a dunƙule. Amsa ta biyu ita ce hanyar gini. Wani injiniya, Raymond Camus, ya ƙirƙiro dabarar zuba bangaye na kankare a masana'anta, da tagoginsu da ƙofofinsu, a ɗauko su a mota a harhaɗa a wurin aiki. Ana shimfiɗa dogo, a ɗora ƙugiyar ɗaga kaya a kansa, tana tafiya tana ajiye bangaye dama da hagu. Tsawon dogon shi ne tsawon ginin. Da yawa daga cikin waɗannan miƙaƙƙun benaye ƙugiya ce ta zana su, kafin mai zane ya sa hannu. (Tarayyar Sobiyet ma ta sayi dabarar Camus, shi ya sa bayan garin Mosko yake kama da na Paris.)

Akwai kuma aƙida. Masu zanen gine-gine na wancan zamani, mabiya Le Corbusier, sun ɗauki tsohon titi mai cunkoso a matsayin tushen cuta, musamman tarin fuka. Maganinsu shi ne a raba wurin kwana da wurin aiki da wurin kasuwa, a ɗaga gidaje sama domin rana da iska su shiga, a bar ƙasa ga ciyawa. A ƙarshen 1958 wata doka ta ba gwamnati ikon keɓe manyan filaye domin irin wannan gini, kowanne aƙalla gidaje 500. A nan akwai abin da yakan ba ɗalibai mamaki: yawancin waɗannan unguwanni ba su kai tsakiyar Paris cunkoso ba. Paris mai hawa shida tana da mutane kusan 20,000 a kowane murabba'in kilomita, domin gine-ginenta manne suke da juna. Benen bayan gari dogo ne, amma fili ne fetal a tsakaninsa da maƙwabcinsa.

Sarcelles

Misalin da ya fi shahara shi ne Sarcelles, kamar kilomita 15 arewa da Paris. A 1954 ƙaramin gari ne mai mutane 8,000 da ƴan kai. Daga 1955 wani reshe na Caisse des dépôts, asusun ajiya na gwamnati, ya fara gini a gonakin da ke gefensa, bai tsaya ba sai da gidajen suka haura 12,000. Kafin 1968 mutanen garin sun wuce 50,000.

Iyalan da suka fara shiga sun yi murna, kuma suna da hujja. Wanda ya fito daga ɗaki ɗaya na haya, inda shi da matarsa da ƴaƴa huɗu suke kwana, ya samu falo da ɗakunan kwana uku da ruwan zafi da na'urar ɗumama gida, ba zai tsaya yana sukar siffar ginin ba. Mazaunan farko ma ba matalauta ba ne zalla: akwai ma'aikatan gwamnati, da malaman makaranta, da ƙwararrun ma'aikatan masana'antu, daga baya kuma waɗanda suka baro Aljeriya a 1962, cikinsu har da Yahudawa da yawa.

Abin da ya rasa shi ne sauran abubuwan da ke mayar da gidaje gari. Maza sukan fita da asuba su bi taɓo zuwa tasha, su dawo bayan duhu. Mata suna wuni a hawa na takwas da yara, babu kasuwa kusa, babu wurin zaman hira. A farkon shekarun 1960 ƴan jarida suka ƙirƙiro wa wannan kaɗaici suna, sarcellite, kamar sunan wata cuta. Babbar cibiyar kasuwancin unguwar ba ta buɗe ba sai a farkon shekarun 1970, shekara goma sha biyar da ɗoriya bayan mazaunan farko. Duk da haka Sarcelles ta tsira fiye da wasu, domin tana da jirgin ƙasa kai-tsaye zuwa Paris, kuma mazaunanta sun kafa ƙungiyoyi sun yi ta matsa wa mai gidajen lamba.

Gyaran da aka yi ƙoƙarin yi

Hukuma ta gane kuskuren da wuri. A 1965 Paul Delouvrier, wanda Janar de Gaulle ya ɗora wa tsara yankin, ya fitar da babban tsari: a daina watsa unguwannin kwana barkatai, a gina sababbin garuruwa masu ofisoshi da jami'a da asibiti, a haɗa su da Paris ta jirgin ƙasa mai sauri. Daga nan aka samu garuruwa biyar, Cergy-Pontoise, Évry, Marne-la-Vallée, Melun-Sénart da Saint-Quentin-en-Yvelines, da kuma jirgin RER, wanda layukansa suka haɗu a tsakiyar birni a 1977. Ranar 21 ga Maris 1973 minista Olivier Guichard ya aika da takardar umurni da ta hana sake gina manyan rukunonin benaye. Zamanin bai cika shekara ashirin ba.

A wannan shekarar ce aka kammala hanyar mota mai kilomita 35 da ta zagaye Paris a kan sawun tsohuwar ganuwa, sai ta zama sabuwar ganuwa. A 1973 ɗin ne kuma aka gama hasumiyar Montparnasse mai mita 210, wadda ta ɓata wa mutanen birnin rai har aka kafa dokar 1977 da ta iyakance tsayin sabon gini a mita 37. Ofisoshin da ke son tsayi suka tattara a La Défense, yamma da birni.

La Défense tana da muhimmanci ga wannan bayani. A can da kewayenta, a Puteaux da Courbevoie, akwai benayen zama da suka ninka na Sarcelles tsayi, kuma mutane suna biyan kuɗi mai yawa su zauna a ciki. Da a ce tsayi ne ke lalata unguwa, da can ne za a fara ganin lalacewar.

Yadda mazauna suka canza

Abubuwa uku suka haɗu a tsakiyar shekarun 1970. Tashin farashin man fetur na 1973 ya kawo ƙarshen shekarun bunƙasa, masana'antun da ke kewaye da Paris suka fara sallamar ma'aikata. Sannan gyaran dokar muhalli na 1977 ya sauƙaƙa wa masu matsakaicin albashi samun bashin sayen gida, sai suka kwashe kayansu suka koma ƙananan gidaje masu lambu can gaba da bayan gari. Gidajen da suka bari aka ba waɗanda ba su da zaɓi, cikinsu har da ma'aikata baƙi daga Magrib da Mali da Senegal, waɗanda dokar 1976 ta tabbatar musu da izinin kawo iyalansu. Abin takaicin shi ne sun shiga gidajen ne daidai lokacin da aikin da ya kawo su ƙasar yake ƙarewa. Unguwar da ake kira gidaje 3,000 a Aulnay-sous-Bois ta dogara da masana'antar motocin Citroën da aka buɗe a 1973. Motar ƙarshe ta fito daga cikinta a 2013.

Tambayar wa ke da gida, kuma wa ke raba shi, ita ma ta yi tasiri. Unguwar gidaje 4,000 ta La Courneuve, wadda aka fara a 1956, hukumar gidajen birnin Paris ce ta gina ta a kan ƙasar wani gari. Paris ce ke zaɓen wanda za a tura can, magajin garin La Courneuve kuma shi ne ke ɗaukar nauyin makarantu da taimakon marasa hali, har zuwa 1984 da aka miƙa masa gidajen bayan sun riga sun lalace. A Fabrairun 1986 aka sa nakiya aka rusa ɗaya daga cikin manyan benayenta, mai suna Debussy, ana nunawa a talabijin. Hukuma ta ɗauki ranar a matsayin sabon babi. Mutanen da aka haifa a cikinsa suna tsaye suna kallon ƙura.

Clichy-sous-Bois

Inda lamarin ya fi muni shi ne inda babu hanya. A Clichy-sous-Bois, kamar kilomita 15 gabas da Paris, ƴan kasuwa ne suka gina benayen Chêne Pointu a shekarun 1960 domin sayarwa ga masu matsakaicin hali, bisa alkawarin wata babbar hanyar mota da za ta bi ta wurin. Ba a taɓa gina hanyar ba, kuma babu tashar jirgi a garin. Masu hali suka sayar suka tafi. Waɗanda suka saya da araha ba su iya biyan kuɗin kula da gini, bashin ruwa da na ɗumama ya taru, na'urorin hawa bene suka tsaya har na tsawon shekaru, tsofaffi da masu ciki suna taka matakala zuwa hawa na goma. Wasu masu gidajen, waɗanda Faransawa ke kira ƴan kasuwar barci, suka riƙa ba iyali guda ɗaki guda haya. Tun da gidajen ba na gwamnati ba ne, babu hukumar da za a kai wa kuka. Mai neman aiki a Paris yakan ɓata sama da awa ɗaya a hanya, ga kuma adireshin da ke sa a ajiye takardarsa gefe.

A wannan gari ne, ranar 27 ga Oktoba 2005, wasu samari biyu, ɗan shekara 15 da ɗan shekara 17, suka mutu a cikin tashar wutar lantarki inda suka ɓuya suna gudun ƴan sanda. Tarzoma ta bazu a unguwannin ƙasar har mako uku, gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci.

Matakan gyara sun riga tarzomar. Dokar Disamba 2000 ta tilasta wa garuruwa su kai gidajen haya na masu ƙaramin ƙarfi zuwa kashi 20 cikin 100, aka ɗaga zuwa 25 a 2013, domin kada talauci ya taru a arewa maso gabas kaɗai. Garuruwan masu kuɗi irin su Neuilly-sur-Seine sun daɗe nesa ƙwarai da wannan adadi. Dokar Borloo ta 2003 kuma ta kafa hukumar sabunta unguwanni, wadda ta rusa benaye da yawa ta gina gajeru. Masana da dama suna ganin an fi kashe kuɗi a kan kankare fiye da kan mutane, kuma wasu masu zane, Lacaton da Vassal da Druot, sun nuna a 2011 a benen Bois-le-Prêtre cewa ana iya faɗaɗa tsohon bene a ƙara masa baranda da haske ba tare da an kori kowa ba, a kan kuɗin da bai kai na rushewa da sake gini ba.

Babban aikin da ya taɓa tushen matsalar shi ne Grand Paris Express, layukan jirgi na kusan kilomita 200 da tashoshi 68, waɗanda aka tsara su haɗa garuruwan waje da junansu ba sai an ratsa tsakiyar birni ba. A Yunin 2024 layi na 14 ya kai Saint-Denis a arewa da filin jirgin Orly a kudu, kuma a kewayen sababbin tashoshin an sake fara gina dogayen benaye, a wannan karon bayan jirgin ya iso ko yana tafe. Gwamnati ta karɓi ragamar ceto Chêne Pointu a 2015, an kuma tsara wa Clichy-sous-Bois tasha a kan layi na 16. Jirgin taragu na kan titi ya fara shiga garin a Disamba 2019, fiye da shekara hamsin bayan iyalan farko sun karɓi makullansu.