Gargaɗi ga masu jinya a gida: ku juya majinyacinku kafin bayansa ya ɓule

Jama'ar Ƙofar Taramniya da kewaye a Sakkwato: Duk gidan da ke da tsoho ko tsohuwa a kwance, ko wanda hawan jini ya kayar har ɓarin jikinsa ya shanye, wannan kira naku ne. Ku shiga ɗakinsa yau ɗin nan, ku birkita shi, ku duba bayansa.

Na ga abin da idona a kan gwaggota. Wata uku tana kwance, ga abinci, ga magani a kan kari, 'yan dubiya na ta shige da fice suna "Allah ya ƙara sauƙi". Ranar da wata ma'aikaciyar jinya maƙwabciyarmu ta zo gaishe ta, tun daga bakin ƙofa ta ji wari, ta ce a juya mata ita. Sai ga rami a ƙasan gadon bayanta, wanda ƙwan kaza zai shige, ya yi baƙi yana tsatsafo da ruwa. Yarinyar da muka ɗauka don kula da ita ta fashe da kuka. Ba ta da laifi. Ba wanda ya taɓa gaya mata, domin mu ma ba mu sani ba.

Wannan shi ne gyambon kwanciya. Nauyin jiki ke danne fata tsakanin ƙashi da shimfiɗa, jini ya kasa isa wurin, nama ya fara mutuwa. Mai lafiya yakan yi juyi cikin barci bai ma sani ba. Wanda ba ya iya motsi sai an juya shi, kuma cikin 'yan awowi ɓarnar kan soma. Don haka a sauya masa kwanciya duk bayan awa 2: dama, rigingine, hagu. Har da dare. Tsakanin Isha'i da Asuba ne aka fi barin majinyaci a wuri guda, saboda mai jinya ma gajiya ta kayar da shi. Ku raba daren tsakanin mutum biyu, ku saita ƙararrawar waya. Wajen juyawa a ɗaga shi da zanen shimfiɗa, kada a ja shi, domin fatar tsoho ba ta da wuyar salluɓewa.

Ku riƙa duba ƙasan gadon baya, ƙugu, dunduniya, idon sawu, kafaɗa da ƙeya. A baƙar fata ba lallai a ga ja ba. Wurin zai ƙara duhu, ko ya ɗau zafi, ko ya yi tauri. Da zarar kun ga haka, kada ya sake kwanciya a kansa. Kada a murza, kada a gasa da ruwan zafi, kada a shafa man zafi ko a barbaɗa toka. A sa matashi tsakanin gwiwoyi, a sa wani ƙarƙashin sangali yadda dunduniya ba za ta taɓa katifa ba.

Zafin Sakkwato na ƙara wa abin muni. Daga Maris zuwa Mayu yakan haura digiri 40, ga zufa, ga fitsari, ga ledar da muke shimfiɗawa don kare katifa tana dafa fatar mutum. A ɗora zani mai kauri a kan ledar, a sauya da zarar ya jiƙe, a wanke jiki a tsane shi sarai. A yawaita ba shi ruwa, da ƙwai, wake, nono ko kifi gwargwadon hali, sai dai in likita ya hana.

Sai maganar ciyarwa. Kada a ɗura wa majinyaci kunu ko fura yana kwance. Shanyewar jiki kan taɓa maƙogwaro, abinci ya bi ta hanyar numfashi ya sauka a huhu, ya zama ciwon huhu mai kisa. A zaunar da shi, a ba shi cokali-cokali, a bar shi zaune minti 30 bayan ya gama. In yana yawan ƙwarewa ko tari wajen ci, a sanar da likita.

In kuwa fata ta riga ta buɗe, ko akwai wari, ko mugunya, ko zazzaɓi, ko tsoho ya fara ruɗewa, musamman mai ciwon suga, kada a tsaya kemis. A kai shi Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a ranar, kuma a tafi da mai jinyarsa, ma'aikatan jinya su nuna mata da hannu yadda ake juya shi da yadda ake wanke ciwon.