Tarkon Aljihu: Ire-iren Kayan Kama Dodanni a Wasannin Bidiyo



Batun da aka ɗora mini in yi bayani a kansa yau, mai yiwuwa ne wani ya ji shi ya ce ai wasan yara ne. Lalle yara ne suka fi yin sa. Amma abin da manyan kamfanoni suka kai juna gaban alƙali a kansa ya cancanci a zauna a dube shi da idon basira. Akwai wani rukuni na wasannin bidiyo, asalinsa ƙasar Japan, inda aikin ɗan wasa shi ne ya shiga daji ya kamo wasu halittu na ƙage, waɗanda za mu kira dodanni, ya hore su, ya yi kokawa da su da na wasu. Abin da nake so mu duba shi ne kayan da ake kamun da su. Ra'ayina kuwa shi ne, kowane irin tarko a wasannin nan doka ce da maginin wasa ya ɓoye cikin kaya, kuma da ita yake gaya wa ɗan wasa abin da za a saka masa a kai: ko kuɗi, ko sani, ko haƙuri, ko iya hannu.

Bari mu fara da asali. Satoshi Tajiri, wanda aka haifa a 1965, ya tashi a Machida, gefen birnin Tokiyo, lokacin da akwai sauran gonaki da kududdufai a wurin, kuma sha'awarsa tun yana yaro ita ce kamun ƙwari. Da gine-gine suka cinye filayen, sai ya yi tunanin mayar wa yaran birni wannan sha'awa cikin na'urar hannu ta kamfanin Nintendo, watau Game Boy, wadda ta fito a 1989. Sunan da ya fara ba shirin nasa shi ne Capsule Monsters, domin a wani wasan talabijin na 1967 mai suna Ultraseven jarumin yakan ajiye dodanninsa cikin 'yan ƙananan kwanso, ya sako su in faɗa ya taso. Kamfaninsa, Game Freak, ya shafe wajen shekara shida yana aikin, kana wasan ya fito ranar 27 ga Fabrairu 1996 da sunan Pocket Monsters, wanda duniya ta sani da Pokémon. Dodanni 151 ne a ciki. Kwanson nan kuwa ya zama ƙwallo, sama ja, ƙasa fari, da maɓalli a tsakiya.

A wannan wasa na farko ƙwallayen iri biyar ne. Uku daga ciki a kanti ake saye, kuma tsani ne na farashi: Poké Ball a kan kuɗin wasa 200, Great Ball 600, Ultra Ball 1,200. Na huɗu na gandun dajin da ake kira Safari ne, inda mutum yakan biya 500 a ba shi ƙwallo 30, kuma ba a yarda ya yi faɗa da dodo ba, sai dai ya jefa masa abinci ko dutse. Na biyar shi ne Master Ball, wanda ba ya kuskure ko kaɗan, kuma guda ɗaya tak ake bayarwa a dukan wasan, kyauta daga shugaban wani kamfani da ɗan wasa ya ceto daga hannun 'yan ta'adda.

To, mene ne ke faruwa sa'ad da aka jefa ƙwallo? A nan nake so ɗaliban lissafi su karkaɗe kunne. Kowane jinsin dodo yana da wata lamba da aka rubuta masa, mu kira ta lambar kamuwa, daga 3 zuwa 255. 'Yan tsuntsaye da ɓeraye da tsutsotsin da ake gamuwa da su a bakin gari 255 gare su. Manyan da ake tatsuniya da su, irin su Mewtwo, 3 kacal. A tsarin da aka kafa tun wasannin 2002, kwamfuta takan ɗauki wannan lamba ta yi mata gyara uku. Na farko, lafiyar dodo: in yana da cikakken ƙarfinsa, sulusin lambar kaɗai ake lissafawa, in kuwa an galabaitar da shi har ya kusa faɗuwa, kusan dukanta. Na biyu, ƙarfin ƙwallo: na 200 ba ya ƙara kome, na 600 yakan ninka sau ɗaya da rabi, na 1,200 sau biyu. Na uku, halin da dodon yake ciki: barci ko daskarewa yakan ninka sau biyu a wasannin wancan lokaci, shanyewar jiki ko dafi ko ƙuna sau ɗaya da rabi. Abin da ya fito, in an auna shi da 255, shi ne kimanin rabon mai jifa.

Alal misali, a ɗauki dodo mai lamba 45. Wanda ya yi gaggawa ya jefa masa ƙwallo mai araha yana da ƙarfinsa, 15 ya samu cikin 255, watau kamar kashi 6 cikin ɗari. Wanda ya galabaitar da shi, ya sa shi barci, sa'an nan ya jefa mai tsada, ya kai 180, watau wajen kashi 70 cikin ɗari. A lura da kyau: kuɗi ninki biyu kawai suka sayo masa, dabara ce ta kawo ninki shida. Wannan shi ne darasin da aka gina wasan a kai, kuma akwai kasada a ciki, domin bugu ɗaya da ya wuce kima zai kayar da dodon, wanda ya faɗi kuwa ba ya kamuwa. Mai lamba 3, ko an yi masa dukan wannan shiri, rabon bai kai kashi 5 cikin ɗari ba a kowace jifa. Shi ya sa Master Ball ya zama abin tunani. Wa za ka jefa wa? Akwai 'yan wasa da yawa da suka gama wasan ƙwallon yana cikin jaka, don tsoron kada su ɓata shi, kamar mai ajiyar riga don ranar bikin da bai zo ba.

Da a ce an tsaya a tsanin farashi, da wasan ya gundura, domin da zarar mutum ya yi kuɗi sai ya daina tunani. Saboda haka a wasannin Gold da Silver na 1999 aka shigo da wani tsoho mai sana'a, Kurt, wanda ake kai masa 'ya'yan wata itaciya masu launi bakwai ya sassaƙa ƙwallo iri bakwai. Kowanne da sharaɗinsa. Akwai na abin da aka kamo da fatsa, akwai na dodo mai nauyi, akwai wanda ƙarfinsa ke ƙaruwa in dodonka ya fi na daji matsayi, akwai kuma wanda ba ya ƙara kamu ko kaɗan, sai dai dodon da ya shiga cikinsa yakan fito da sabo da ubangidansa. Mafarauci ya san tarkon zomo dabam, na kurciya dabam. Hikimar ke nan aka sa cikin wasa. Abin dariya, masu bin diddigin rubutun kwamfutar wasan sun gano daga baya cewa wasu daga ƙwallayen nan ba sa yin abin da aka ce suna yi. Wanda aka yi don kama mace in naka namiji ne, ko namiji in taka mace ce, sai ya kasance yana aiki a kan jinsi ɗaya. Wanda aka yi don dodanni masu saurin gudu kuwa, iri uku kacal yake ganewa. Yara sun yi shekaru suna jifa bisa alkawarin da ba a cika ba, ba su kuwa da hanyar ganewa, domin a wasan sa'a wanda ya rasa yakan zargi sa'arsa.

Wasannin 2002 da 2006 su ne suka kyautata wannan dabara. An sami ƙwallon ƙwari da na ruwa mai ninki uku, da na dare da kogo mai ninki uku da rabi, da wanda ke ƙarfi a kan irin da mutum ya taɓa kamawa. Biyu daga ciki sun fi burge ni, don kuwa kishiyoyin juna ne. Timer Ball yana ƙara ƙarfi gwargwadon daɗewar faɗa, har ya kai ninki huɗu bayan zagaye 30 a tsarinsa na farko. Quick Ball kuwa yana da ninki huɗu, daga baya aka mai da shi biyar, amma a zagayen farko kaɗai. Ni a ganina wannan na biyun ya ɗan yi wa wasan illa, domin ya koya wa mutane jifa tun kafin su yi wata dabara, alhali dabarar ce gishirin abin. Sauran ƙwallayen da ake nema don kyan launi kawai, ba sai mun tsaya a kansu ba.

Daga 2016 sai aka koma kan hannu. A Pokémon GO, wanda kamfanin Niantic ya fitar don wayar salula a Yulin shekarar, da yatsa ake jifa, kuma wanda ya murɗa ƙwallon ko ya sami tsakiyar da'ira rabonsa yakan ƙaru. A Pokémon Legends: Arceus na 2022, ɗan wasa da kansa yake haɗa ƙwallonsa daga 'ya'yan itace da dutse, ya laɓaɓa cikin ciyawa, ya jefi dodo ta baya, mai nauyi ba ya zuwa nesa, mai sauƙi kuwa har na sama yakan cimma.

Kada a ɗauka ƙwallo ne kaɗai hanya, ko kuwa shi ne na fari. Tun a 1987 wasan Megami Tensei ya sa ɗan wasa ya yi ciniki da aljanu, ya lallashe su da magana ko da kuɗi su bi shi. A Dragon Quest V na 1992, dodon da aka kayar shi ne kan miƙe wani lokaci ya roƙi a tafi da shi, a Dragon Quest Monsters na 1998 kuma nama ake jefa masa don a ja ra'ayinsa. Monster Rancher na 1997 ya zo da abin mamaki: mutum ya sa kowane faifan CD da ke gidansa cikin na'ura, ita kuwa ta haifar da dodo daga lambobin da ta karanta a jikinsa. A Yo-kai Watch na 2013, aljanin da ya yarda da kai shi ke miƙa maka lambar ƙarfe ta abota. Bambancin nan ba ƙarami ba ne. A wasu wasannin dodon yana da bakin cewa a'a, a wasu kuwa iyakarsa ya yi ta mutsu-mutsu cikin ƙwallo sau uku. Su kansu masu Pokémon sun san da wannan tabo, shi ya sa suka hana kama dodon wani: in ka jefa, mai shi yakan kaɗe ƙwallon ya kira ka ɓarawo. A Pokémon Ranger na 2006 ma sun ajiye ƙwallon gaba ɗaya, ana zagaye dodo da da'ira da alƙalamin allo har ya natsu, ya taimaka, a sallame shi.

Mu koma kan shari'ar da na ambata da farko. A Janairun 2024 wani ƙaramin kamfani na Tokiyo, Pocketpair, ya fitar da Palworld, inda ake jefa wa halittu wani dunƙule a kama su, aka kuwa sayi miliyoyi cikin 'yan kwanaki. A Satumbar shekarar, Nintendo da kamfanin Pokémon suka shigar da ƙara a kotun gundumar Tokiyo. Jama'a sun zaci kamannin dodannin za a yi ƙara a kai, sai ga shi haƙƙin ƙirƙira guda uku aka kawo, daga ciki har da tsarin auna halitta a fili a jefa mata abin kamu. Tambayar da ke gaban masana doka ita ce, shin ana iya mallakar dokar wasa yadda ake mallakar zanen inji? Kafin ƙarshen 2024, Pocketpair ya sauya wasansa, ya cire jefa dunƙule wajen sako dodo, sai dai kawai ya bayyana a gefen ubangidansa.